Yadda littafin alƙalin binciken mutuwa ya raba kanmu a Aboabo

Ni na kawo littafin, don haka ni aka ɗora wa tattara ra'ayin kowa. Zaman karatun namu ba wani babba ba ne. Ranar Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a farfajiyar wata Islamiyya a Aboabo, nan Kumasi, a kan bencin yara. Akwai malaman makaranta, da wata nas, da direban tasi, da ɗalibin lauya, sai wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, wadda ba ta karanta Turanci amma ba ta fashi. Saboda ita da wasu dattawa, ƙa'idarmu ita ce wanda ya karanta babi ya ba da shi da Hausa, da bakinsa, kafin a buɗe gardama.

Ƙagaggen labari ne da ya faru a wani ƙaramin gari a Ingila. An tsinci gawar wani lebura a kududdufin gona. 'Yan sanda suka ce maye ne ya jefa shi ruwa, a rufe magana. Alƙalin binciken mutuwa na yankin, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya ƙi sa hannu. Ya riƙe gawar, ya sa likita ya buɗe ta, ya shiga kiran shaidu.

Kafin a shiga irin wannan littafi, dole a fara fayyace wa mutane aikin mutumin, in ba haka ba kowa da mudunsa zai auna shi. Wasu sun ɗauke shi ɗan sandan ciki, wasu likita. Ɗalibin lauyan ne ya warware mana. Muƙamin tsoho ne a Ingila, tun 1194, kuma a yau lauyoyi ake naɗawa. Tambayoyi huɗu kawai zamansa yake amsawa: wane ne ya mutu, yaushe, a ina, ta yaya. Ba ya ɗaure kowa, ba ya ma da hurumin cewa wane ne mai laifi. A Amurka kuwa akwai gundumomin da zaɓen mai muƙamin ake yi da ƙuri'a, ba lallai ya zama likita ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne jin cewa mu ma muna da shi. Dokar da Gana ta yi a 1960 ta mai da majistare na gunduma alƙalin binciken mutuwa a yankinsa. In mutum ya mutu ta hanyar tashin hankali, ko ba a san sanadi ba, ko ya cika a hannun hukuma, sai an sanar da shi. Takardar nan da ake aiken mutum ofishin 'yan sanda ya karɓo kafin a saki gawa, da ikonsa ake ba da ita. Dattawan da suka sha zirga-zirgar wannan takarda suka yi ta jinjina kai, don ba su taɓa danganta ta da wani alƙali ba.

Na zaci tambayar wa ya yi kisan ce za ta ɗauki hankali. Ko kusa. Tun babi na uku direban tasi ya nuna mai gonar, aka yarda da shi, aka wuce. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne makonnin da gawar ta yi a firij.

Hajiya ce ta fara. Ta ce, "Ɗana, wannan tsoho ba shi da tausayi. Uwar yaron tana zuwa ƙofarsa kullum, shi yana juya takardu. Wanda kwanansa ya ƙare, me ya rage in ba a kai shi makwancinsa ba?" Da yawa suka goya mata baya, kuma ba jahilci ba ne. Mu a zango, wanda ya rasu da asuba, kafin la'asar an kai shi maƙabartar Tafo an dawo ana zaman gaisuwa. Maƙwabtanmu Asante suna iya ajiye nasu watanni suna shirin biki, mu kuwa kwana ɗaya a mutuware ciwo ne. Ga hadisin gaggauta jana'iza, ga wanda ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Mai karatu da ya tashi da waɗannan ba zai ga jarumin littafin yadda marubucin ya so a gan shi ba.

Nas ɗin ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ni na ga gawarwakin da aka ce hawan jini ne, alhali kowa a gidan ya san duka ne." Ta ce a nata ganin dattijon shi kaɗai ne ya ɗauki leburan a matsayin mutum. Kowa a labarin yana so a gama da wuri don hutun kansa: ɗan sanda don kada fayil ya ƙaru, mai gona don kada a tona, har limamin cocin. Direban ya ɗora da abin da ya sa wurin ya yi tsit. Ya tuno mutane bakwai 'yan zango da 'yan sanda suka harbe a yankin Manso Nkwanta a watan Yulin 2018, aka ce 'yan fashi ne. Unguwar Asawase ta nan Kumasi ta tashi, gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce babu hujjar da ta nuna 'yan fashi ne, aka dakatar da 'yan sanda 21. Ya ce, "Da an ce kwana ne ya ƙare aka yi shiru, da wane suna 'ya'yansu za su tashi?"

Ganin an ja daga, sai na gayyato wani malami mai wankan gawa a unguwarmu. Cikin duk abin da na yi a kan littafin nan, wannan gayyata ce ta fi amfani. Bai karanta ba, labari aka ba shi. Ya fara da gyara wa marubucin lissafi. A littafin, likita ya ƙiyasta lokacin mutuwa daga sandarewar jiki, wadda a ƙasar sanyi takan fara bayan 'yan sa'o'i, ta cika wajen sa'a 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Malam ya ce a zafin Kumasi abin ya fi haka sauri, kuma duk mai wanka ya sani, shi ya sa ake ɗaure haɓa a miƙe gaɓoɓi tun jiki da ɗumi. Nas ta tabbatar. Sannan ya juya ga Hajiya ya ce, "Hajiya, sura mafi tsawo a Alƙur'ani, ina ta samo sunanta? An kashe mutum a cikin Bani Isra'ila, kowa yana tura wa wani, Allah bai ce a binne a manta ba." Ya ƙara da cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta buɗe gawa tun 1987 idan ana binciken laifi, da sharaɗin larura. Amma bai bar littafin haka ba. Ya ce laifin dattijon ba binciken ba ne, rashin zama da uwar ne ya gaya mata me ake nema da kuma yaushe za a gama. A wajensa, mai riƙe gawar mutane bashi yake ci, kullum sai ya je ya ba da haƙuri.

A nan ra'ayina ya tsaya, kuma shi na rubuta a saman takardar da na tattara ra'ayoyin a ciki. Marubucin ya iya ɗakin likita, ya iya kotu, amma gidan makoki ya yi masa nisa. Uwar a wajensa cikas ce ga jarumi, ba mai haƙƙi ba. Masu karatun Aboabo sun hango wannan giɓi tun kafin ni, domin sun fi sanin bakin ƙofar mutuware fiye da cikinta. Ɗalibin lauyan ya ce a Ingilar ma Musulmi da Yahudawa sun matsa, har a wasu wurare ana amfani da na'urar hoton cikin jiki maimakon wuƙa idan ta wadatar. Hajiya ta ce to wannan ya fi, a kawo mana.

Wani abin da na ɗauka: yanzu kafin mu fara littafin da ke da gawa a ciki, nakan bi mutane ɗaya-ɗaya in ji ko akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan. Wata malama ta daina zuwa a tsakiyar wannan, sai daga baya muka ji ƙaninta ne ya rasu a haɗarin babur, kuma sun sha jira kafin a ba su shi.

Ƙarshen labarin bai gamsar da kowa ba. Alƙalin ya rubuta cewa shaidar ba ta isa a ce haɗari ne ko kisa ba, ya miƙa wa 'yan sanda abin da ya samo, mai gona ya koma gonarsa. Direban ya ce an ci kuɗinsa a banza. Ɗalibin lauyan ya ce wannan ne kaɗai shafin da bai yi ƙarya ba. Hajiya ta nemi a duba mata ko an faɗi ranar da aka binne yaron. Muka bi babin ƙarshe layi-layi, marubucin bai ambata ba.