Hunturun da na yi ina bin majinar yara a Katsina

Wata tsohuwa 'yar Ƙofar Marusa ce ta fara yi mini tambayar da kowa ke yi a zuci. Ta ga na zura tsinken auduga a hancin jikanta, ta ce, "Ɗiyata, duk karatun naki a majina ya ƙare?" Na yi dariya na ce, "Inna, a cikinta ɓarawon yake."

Ɓarawon kuwa shi ne adinobairos, ƙwayar cutar da ke kawo mura, ciwon maƙogwaro, jan ido, wani lokaci har namoniya. A 1953 aka fara gano ta a Amurka, a cikin tsokar da ke can bayan hanci (ba belun da wanzami ke cirewa ba, kada a haɗa). Aikina na digiri na biyu shi ne in tattara samfur daga yara masu tari da zazzaɓi lokacin hunturu, in gano nau'in da ke yawo.

Karon farko da na saka samfuran a na'urar PCR, mai gano DNA ɗin ƙwayar cuta (wato ƙwayar halittarta), kowane bututu ya nuna akwai cuta, har wanda ruwa zalla na zuba masa. Laifina ne. Da sifirit nake goge tebur, alhali wannan ƙwayar ba ta da mayafin kitsen da sifirit ke narkarwa, kuma sifirit ba ya lalata DNA, sai ragowar da ke kan tebur ta gurɓata bututun. Ruwan bilic ne maganinta. Aikin mako biyu ya bi ruwa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne daga baya. Na karanta jerin ƙwayar halittar hekson, wato wadda ke ɗinka rigar cutar ta waje, na rubuta lambar nau'i cikin gadara. Malamin da ke kula da aikina ya duba, ya ja layi a kai da jan biro.

"Rigar kika gani. Kin ga mai rigar?"

Ya zaunar da ni ya ba ni misalin nau'i na 55, wanda ya ɓarke a wata makaranta a Sin a 2006. Kusan duk jikinsa na nau'i na 14 ne, amma hekson ɗinsa daga na 11 ya aro. Idan nau'i biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya sukan yi musayar sassa, sai a sami sabon abu da garkuwar jikin jama'a ba ta saba da shi ba. Shi ya sa yanzu ake duba wurare uku, hekson da fenton da faiba (sauran sassan rigar biyu), ko ma a karance DNA ɗin kakaf, harafi wajen 35,000.

Kuɗina bai kai nan ba. A kundin na ƙara kalmomi uku a gaban kowace lamba: "bisa hekson kaɗai". Sauran samfuran na nan a firiza, kuma duk daren da aka ɗauke wuta sai na kira mai gadi in ji ko an tada janareta.