Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ƙyalesu

Salam jama'a. Makon jiya na tsaya a inda Inna ta koma ɗakinta bayan rigimar fili, masu cewa in ƙarasa ku yi haƙuri, yau maganar kare ce ta tokare min a rai kuma in ban fitar da ita ba ba zan iya rubuta komai ba.

Shekarar da aka tumɓuke shugaban Sudan Numairi ne, 1985, ana tsakiyar yunwar nan da aka riƙa rabon dawar Amurka wadda mutane suka sa wa suna Reagan. Mu a garinmu Mai Wurno da sauƙi kan mutanen yammacin Sudan tunda kogi na gabanmu, in ruwa ya ja baya muna shuka masara da kuɓewa da tumatir a gaɓa, amma birai da awakin mutane ba sa barinmu mu ci guminmu. Shi ya sa kakana Malam Tsoho ya yarda aka kawo ɗan kwikwiyo gida, ja ne mai dogayen ƙafafu, ko wata uku bai kai ba. Gwaggo ta ce najasa, Baffa ya ce mutane ba su ƙoshi ba za a ƙaro baki. Malam Tsoho bai ɗaga murya ba, ya ce karen gona da na kiwo da na farauta hadisi ya halatta, kuma mu Malikawa ne, a wajenmu kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallage a ciki bin umarni ne kawai. Shi ya raɗa masa Ƙyalesu, kowa a gidan ya san da wa yake.

Ni aka damƙa wa shi. Abu na farko da tsohon ya ce min, jikana ba a kiran kare da sanda a hannu. Ya ce daga ubansa ya ji, wanda ya biyo ayarin da ya yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Wlh har yau in na ji ana ƙwala wa yaro kira da muryar duka maganar nan ce ke fara faɗo min.

Yadda ya koya min kuwa ba wani sihiri a ciki. Da asuba kafin a ba kare komai, yana jin yunwa, a bayan ɗaki inda ba kaza ba akuya. Ina tsugunawa don kada in yi masa tsawo, in kira sunansa in yi fito sau ɗaya tak, in ya zo in miƙa masa kan kifi, irin busasshen kifin nan kajek da masuntanmu ke shanyawa. Sau ɗayan nan ya fi komai wahala, yaro bakinsa ƙaiƙayi, sai ka ji kana ta Ƙyalesu Ƙyalesu Ƙyalesu, tsohon yana zaune kan buzunsa da carbi sai ya ce ka ga yanzu ka koya masa cewa kiran farko da na biyu ba komai ba ne. In bai zo ba kuma an hana ni binsa da gudu, wai in ka kori kare wasa ka ba shi, sai dai in juya in ruga ta wancan ɓangaren, kuma abin mamaki sai ka ji shi yana haki a bayanka.

Da ya saba da tsakar gida aka kawo igiya doguwa, ta guga ce da ta tsufa, aka ɗaura masa muka fita gaɓa. Ba a fizgarsa da ita, tana nan ne dai don kada ya gane cewa ana iya ƙin zuwa a zauna lafiya. Daga nan sai kusa da awaki, sai hanyar kasuwa inda masu agashe, wato tsire, ke hura wuta ƙamshi na dukan hanci. Wani abu da tsohon ya nace a kai, in na kira ya zo in shafa kansa in sake shi ya koma wasansa, kar ya zama duk ranar da aka kira shi ɗauri ne zai biyo baya. Da ya girma kan kifin ma ba kullum ba, yau ya samu gobe shafa kawai, sai ya ƙara zumuɗin zuwa. Ya yi wani lokaci na taurin kunne da ya tasa, kamar dai samarinmu in gemu ya fara tsiro, Malam Tsoho ya ce a mayar da igiya kawai kar a yi fushi. Har aya yake jawo min, ta 4 a Suratul Ma'ida inda aka ambaci dabbobin farauta da aka horar, ya ce malamai sun ce horarre shi ne wanda in an tura shi ya tafi in an kira shi ya dawo.

To ga inda Baffa ya shigo. Wata rana da la'asar Ƙyalesu ya ture faifan kifin da matarsa ta shanya, ya ci kaɗan, ban ce bai yi laifi ba. Baffa bai kore shi ba, bai jefe shi ba, sai ya ɓoye gora a bayansa ya yi fitona, nawa ɗin nan da na sha wahala a kai. Karen ya sheƙo yana kaɗa wutsiya kunnuwa a kwance, ya sauke masa gorar a ƙugu. Ina bakin rijiya na gani da idona. Dukan bai dame ni kamar fiton ba. Daga ranar in na yi fito sai ya tsaya daga nesa ya sunkuyar da kai yana leƙen hannuna.

Malam Tsoho ya kira ɗansa gaban kowa, ya ce Malam Ƙarami ba a kiran kare da sanda a hannu, ka manta ne ko ba ka taɓa ji ba. Baffa ya ce Baba kare ne fa. Shi ke nan abin da ya ce, kuma har ya tsufa bai ƙara ko kalma a kai ba.

Shekaran jiya ɗan Baffa na biyu ya turo min murya a WhatsApp wai na yanke zumunci, tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ana kirana a yi maganar gida ba na ɗauka. Ɗan'uwa kuɗi na tura daga nan Jidda kuma ka san ta hannun wa suka bi. Kiran babanku ne ba na ɗauka, tun ina ɗan shekara goma sha bai taɓa kirana don alheri ba, in ya ce zo nan to ka shirya kunnenka ko bayanka. Allah Ya ba shi lafiya, ban riƙe shi ba, amma waya ta yi ta ruri.

Mu koma. Tsohon ya ce wancan fiton ya mutu a binne shi, a sake sabon kira. Na koma tafa hannu biyu sannan sunan, muka faro daga bayan ɗaki da kan kifi kamar jiya aka haife shi, kuma ya fi na farko daɗewa. Amfaninsa ya fito da rani, wani baƙon kare ya shigo unguwa yana dalalar da yawu yana tangaɗi, mata na ihun mahaukacin kare suna kwashe yara, Ƙyalesu ya zabura zai tare shi, saura kaɗan su haɗu na tafa na kira, ya yi wata irin juyawa ƙura ta tashi ya dawo ya faɗa ƙafafuna. Da an cije shi kashe shi za a yi a ranar, ba maganar magani.

Da daddare ina kai wa manya shayi a ƙofar gida na ji Baffa na ba baƙi labari, wai ai karen gidanmu horo ya sha a hannunsa. Karen da in ya hango shi sai ya zagaya ta bayan garka. Malam Tsoho yana nan zaune, tari kawai ya yi.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan koma kan rigimar filin, da yadda aka yi na hau lori zuwa Gadarif aikin riɗi ba tare da na yi wa kowa sallama ba sai Inna.