Injin fetur ko na dizal: shawarar da na ba ƙanina kafin ya sayi a-kori-kura

A watan jiya ƙanina da ke sayar da abincin dabbobi a Agege ya same ni a shago bayan sallar La'asar, ya ce mini, "Yaya, kuɗin motar sun haɗu, amma na rasa wadda zan ɗauka. Wasu sun ce in sayi mai fetur saboda kowane makanike ya san ta, wasu kuma sun ce in dai ba mai dizal ba ce, ɓarnar kuɗi ce kawai." Ya zo wurina ne domin shekara tara ke nan ina bayar da hayar manyan janaretoci a Legas, kuma aikina na kullum shi ne in ɗaura janareto mai taya a bayan a-kori-kura in ja shi daga Agege zuwa Ikorodu ko Lekki ko duk inda ake gini ko biki. Kafin in ce masa komai, na tambaye shi nauyin abin da zai riƙa ja, da kuma kwana nawa a wata zai ja shi. Bai taɓa auna ko ɗaya ba, kuma a ganina daga waɗannan tambayoyi biyu ya kamata mutum ya fara, tun bai sa ƙafa a wurin dillalan mota ba.

Dillali yakan fara ambaton ƙarfin doki, domin shi ne adadin da ke burge mai saye, amma wanda zai ja kaya ya fi bukatar sanin ƙarfin juyi, wato irin ƙarfin da inji ke murɗa ƙarfen da ke kai motsi ga tayoyi, da kuma saurin juyawar da inji zai kai kafin ya ba da wannan ƙarfi. Ana auna ƙarfin juyi da ma'aunin Nm, wato Newton-mita. Idan muka ɗauki Toyota Hilux, wadda ita ce aka fi sani a ƙasar nan, injinta na fetur mai lita 2.7, wanda ake kira 2TR-FE, yana ba da kusan Nm 245, amma sai ya kai wajen juyi 4,000 a minti ɗaya. Injinta na dizal mai lita 2.4, wato 2GD-FTV, yana kaiwa Nm 400 tun daga juyi 1,600, ga shi kuma ƙarfin dokinsa 150 ne kacal, bai ma kai na mai fetur ɗin ba. Babbansa mai lita 2.8 ya kai Nm 500 a samfurin 2020 mai giya otomatik. Abin da wannan ke nufi a kan titi shi ne, mai dizal yana tayar da kaya daga tsaye da ɗan taka totur kaɗan, shi kuwa mai fetur sai an sa shi ya yi ta kuka ana sakin kulochi a hankali kafin tirelar ta motsa.

A Legas wannan bambanci ya fi fitowa fili, saboda tuƙinmu tashi da tsayawa ne. Motata ta farko mai fetur ce, kuma ta yi mini aiki lafiya har ranar da na ɗaura mata janareton da shi da tirelarsa suka kusa tan biyu, muka shiga cunkoso a hawan gada wajen Ojota. Kusan minti arba'in muna matsawa taku biyu muna tsayawa a kan tudu, kowane tashi sai na riƙe kulochi rabi ina ba da wuta don kada kayan su jawo mu baya. Warin ƙonewa ya fara shigowa ta taga, allurar zafi ta fara hawa, yaron motata ya sauka yana bin mu a ƙasa da dutsen da yake tokare taya da shi. Mun kai kayan, amma a makon nan sai da aka sauke giyabos aka canza farantin kulochi. Motar ba ta da laifi, ni ne na ɗora mata aikin da ba nata ba, kuma da buhunan albasa ne nake ɗauka daga Mile 12 a cikin bodi, da har yau tana hannuna.

Maganar shan mai kuma lissafi take bukata, domin lita da naira ba abu ɗaya ba ne. Litar dizal ta fi litar fetur ƙunsar makamashi da kusan kashi goma cikin ɗari ko fiye kaɗan, sannan injin dizal yana matse iska fiye da na fetur, shi ya sa yake cin nisa da mai kaɗan, kuma ratar tana ƙara faɗi idan an ɗora nauyi. Sai dai shekaru da yawa gwamnati tana tallafa wa fetur alhali dizal yana bin farashin kasuwa, don haka mutane da dama suka gwammace mai fetur ko da tana sha, tunda man yana da arha. Wannan lissafi ya sauya tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin, daga baya kuma matatar Dangote da ke Ibeju-Lekki ta fara fitar da dizal a farkon 2024, ta biyo da fetur a watan Satumba na shekarar. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka na nuna wa ƙanina hanyar da za ta yi masa aiki a kowace rana. A ƙaddara mai fetur tana shan lita 13 a kilomita 100, mai dizal kuma tana shan lita 9. Idan ka raba 13 da 9 za ka ga mai dizal ce ke da sauƙi muddin farashin dizal bai zarce na fetur da kashi 44 cikin ɗari ba. Adadin da na ba shi misali ne kawai. Na gaskiyar sai mutum ya cika tanki, ya rubuta kilomitar da ke kan agogo, ya yi aikinsa na yau da kullum, sannan ya sake cikawa ya ga lita nawa ta shiga.

Amma dizal na zamani yana da tsadarsa da ba a gani a gidan mai. Waɗannan injuna suna fesa mai da matsi mai tsanani ta nozul masu ƙananan kafofi, kuma ba sa haƙuri da datti ko ruwa ko kaɗan. Na taɓa shan dizal a wani gidan mai a kan hanyar Ibadan da daddare, washegari motar ta fara rawa tana fitar da farin hayaƙi, da makanike ya kwance matacin mai ya zuba abin da ke ciki a kwalba sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Allah ya taƙaita, nozul biyu kawai aka canza, amma kuɗinsu a kasuwar Ladipo ya cinye ribar man da na yi ta wata da watanni. Tun daga nan ba na shan mai sai a wuraren da na saba, ina zubar da ruwan da matacin ya tara, ina canza baƙin mai a kan lokaci, kuma idan na ja kaya mai nauyi nakan bar injin ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin in kashe, domin tobo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin, ya huce. Wanda zai sayi tokumbo daga Turai kuma ya duba ko tana da matacin toka a salansa, domin wannan mataci yana bukatar doguwar tafiya da gudu kafin ya ƙone abin da ya tara, gosulon Legas kuwa toshe shi yake yi. Tsohon injin 5L mai lita 3.0 ba shi da tobo, ba shi da waɗannan rigingimu, kuma makanikai suna yabon juriyarsa, sai dai ƙarfinsa bai kai Nm 200 ba, don haka bai dace da jan kaya masu nauyi ba.

Akwai kuma manyan motocin Amurka da ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, irin su Toyota Tundra mai silinda takwas da lita 5.7, wadda ƙarfin juyinta ya haura Nm 500. Wajen ja ba ta da matsala, amma inji mai wannan girma yana shan fetur ko da kaya ko babu kaya, har a tsaye cikin cunkoso, kuma wanda zai ja nauyi sau biyu a wata zai yi sauran kwanakin yana biyan kuɗin ƙarfin da ba ya amfani da shi.

Inji kuma ba shi kaɗai ke ja ba. Ana rubuta cewa wasu sababbin Hilux suna iya jan kilo 3,500, amma sharaɗin shi ne tirelar ta kasance da birkinta; idan ba ta da birki, iyakar kilo 750 ce, kuma yawancin tirelolin da masu walda ke ƙera mana a unguwa ba su da shi. Wani ɓangare na nauyin tirela, kamar kashi ɗaya cikin goma, yana danne bayan mota ne, saboda haka dole a rage shi daga lodin da za a zuba a bodi. Lagireto mai tsabta da birki mai kyau sun fi mini ƙarin doki ashirin, musamman idan na tuna gangaren gadar Otedola da kaya a bayana.

Da muka zauna da ƙanina muka yi lissafi, sai ya bayyana cewa aikinsa kusan duka ɗaukar buhunan dusa ne a cikin bodi daga Agege zuwa Oko-Oba da Kara, tafiya gajera cikin cunkoso, tirela kuwa sai lokacin Babbar Sallah yake ɗaura ta, ita ma ba ta kai tan ɗaya ba. Na ce masa ya ɗauki mai fetur, kuma idan ya so daga baya ya bincika batun mayar da ita mai aiki da iskar gas ta CNG, wanda ya fi sauƙi a injin fetur, ko da yake tukunyar tana cin wuri a bodi kuma ƙarfin ja yana ɗan raguwa. Ya ce, "Yaya, amma kai mai dizal kake hawa." Na ce masa ni tan biyu nake ja kwana ashirin a wata. Ranar Asabar za mu je kasuwar motoci ta Berger da sassafe tare da makanikena, domin ina so mu ji yadda injin ke tashi tun yana da sanyi, kafin dillali ya ɗumama shi.