Birkin A-kori-kura ta Zamani: Yadda Yake Aiki da Yadda Muke Gyara Shi

Aikin garejinmu birki ne da ƙafafun mota, kuma abin da ya fi shigo mana a-kori-kura ce. Hilux ta fi yawa nesa ba kusa ba, sai Ranger da D-Max da L200 jefi-jefi. Galibinsu tsari ɗaya ne, faifai a tayoyin gaba, ganga a na baya. Abin da ya raba wannan mota da ƙaramar motar gida shi ne nauyinta ba ya zama wuri ɗaya. Da safe ta fita wayam, da yamma ta dawo da buhun masara goma, tan guda ke nan a bayanta, kuma birki ɗaya ake so ya tsayar da ita ko da kaya ko babu. Yawancin dabarun da aka cusa wa birkinta, maganin wannan matsala ake nema da su.

Idan direba ya taka birki, nauyin mota gaba yake rinjaya. Bayan da babu kaya sai ya yi sakayau, da ƙarfin birki ya ɗan yi wa tayoyin baya yawa sai su ƙame, gindin motar ya juyo. In kuwa da lodi, tayoyin baya na bukatar ƙarfi sosai, in ba su samu ba duk wahalar ta koma kan na gaba. A tsofaffin Hilux marasa ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki, wani bawul ne ke raba wannan gardama. Yana manne da shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. In kaya suka danne mota ta zauna, ƙarfen ya motsa, bawul ya ƙara sakar wa baya man birki. A nan masu ƙara ganyen sifirin ke jawo wa kansu aiki. Mota ta daina zama ko an yi mata lodi, bawul na ganin babu kaya, baya ba ya samun ƙarfi, takalman birkin gaba, masu matse faifai, su yi ta ƙonewa. Duk wanda ya ƙara sifirin ko ya ɗaga mota, dole a sake saita wannan bawul.

Sababbi, irin Hilux da ta fito daga 2015, kwamfutar ABS ce ke wannan rabo, shi ake kira EBD. Kowace taya tana da na'urar da ke ƙirga juyawarta. Da kwamfuta ta ga wata taya na shirin ƙamewa sai ta rage mata matsin mai, ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan ne karkarwar da direba ke ji a tafin ƙafa, haɗe da gurnani daga gaban mota. Ba lalacewa ba ce. Direbobin da suka koyi tuƙi a tsohuwar mota sun saba da taka-saki, taka-saki, to a mota mai ABS wannan ɓata tazara ne kawai. A danna da ƙarfi, a bar ƙafa a kai, a juya sitiyari a kauce wa abin da ke gaba, don amfanin ABS ke nan, mota na tsayawa amma sitiyari na jin magana.

Sai dai a san cewa a kan rairayi ko burji mai tsakuwa, ABS kan ƙara tsawon tazarar tsayawa, saboda tayar da ta ƙame takan tara ƙasa a gabanta ta tokare, ita kuwa ABS ba ta barin haka. Wannan ya sa wasu direbobin karkara ke zare mata fis. Ba ma yin wannan aiki, ko mai mota ya roƙa. Motar da ke bin burji ran kasuwa ita ce ke hawa kwalta washegari, kuma zare fis na iya tafiya har da rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya. Maganin burji rage gudu ne. Mota mai tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tun ƙafa ba ta kai kan birki ba, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi.

Fitilun gaban direba suna da magana. Ta ABS mai ruwan ɗorawa ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Mai sayen mota ta hannu ya kula da wannan: in ba ta kama ba sam, wataƙila wani ne ya rufe mata baki. In ta kama ta zauna ita kaɗai, birki na aiki irin na da, babu ABS. In ta haɗu da jar fitilar birki, kuma birkin hannu a sauke yake, a faka a nemi bakanike. A Hilux mai makullin aksul na baya, fitilar ABS kan kama idan an kulle shi, ta mutu idan an buɗe, haka aka yi ta. Abin da muka fi samu kuwa ba kwamfutar ce ke mutuwa ba. Ko dai waya ta tsinke a bayan taya, ko laka da garin ƙarfe sun lulluɓe kan na'urar, ko boris ya yi lako-lako, ko an sa tayoyi masu girma daban-daban. Shi ya sa muke fara jona na'urar bincike mu ga wace taya ce ba ta ba da lissafi, kafin a yi zancen sayen komai.

Man birki shi ne abin da aka fi rainawa. Yana shan danshin iska a hankali, kuma ruwan da ya sha ke sauko da zafin da yake tafasa. Man birki aji-aji ne: DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 na Celsius kafin ya tafasa, in ya sha ruwa ya sauko 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa 155. A duba murfin tankin, an rubuta wanda motar ke sha. DOT 5 jinsinsa daban ne, ba a haɗa shi da waɗannan, kada a ruɗe shi da 5.1. Mu duk shekara biyu muke canza shi gaba ɗaya, lita ɗaya kan isa, daga gorar da aka buɗe a gaban mai mota. Man giya ko baƙin mai in ya shiga tankin, duk robobin ciki kumbura suke yi, sai an canza su tun daga masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, har ƙafafu. Ruwan sabulun da wasu ke ɗurawa a hanya kuma tsatsa yake bari a cikin famfon ABS, wanda ya fi komai tsada a tsarin. In mai ya ɗan sauka a tanki ba tare da yoyo ba, yawanci takalma ne suka cinye, don haka kafin a ƙara a leƙa su.

A gangara mai tsawo, irin Hawan Kibo in an sauko daga Jos ko saukowa daga tsaunin Mambila, ake gane wanda ya san mota. Birki iri biyu yake shanyewa a nan. In takalma suka yi zafi fiye da kima, feda na nan da tauri amma mota ba ta tsayawa, ga ƙauri. In mai ne ya tafasa, feda sai ta nutse har ƙasa. Duka biyun daga ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa suke zuwa. A sa giyar da za a hau tudun da ita tun kafin a fara sauka, mai otomatik ya mayar da ita ƙaramar giya da hannu, a bar inji ya riƙe mota. Idan gudu ya ƙaru a taka sosai a rage, a saki birki ya sha iska. Sakin mota a firi don tsimin mai ganganci ne, kashe inji kuma ya fi muni. Abin da ke sauƙaƙa feda, wanda muke kira sabo (servo), da zuƙar iska yake aiki: a injin fetur mai lita 2.7 daga injin yake samu, a na dizal akwai famfo na musamman. Da inji ya mutu, taku biyu ko uku suka rage, daga nan feda ta zama dutse. Maɓallin saukar gangara da ke wasu sababbi na hanyar daji ne a tafiyar hawainiya, ba na kwalta da lodi ba.

Idan mota ta shigo, da feda muke farawa. Inji a kashe, a taka sau biyar ko shida har ta yi tauri, a riƙe, a tayar da inji. In ta ɗan sauka, sabo lafiya lau. In an riƙe ta tana nutsewa sannu a hankali kuma babu yoyo a ko'ina, robobin masta ne. In tana da laushi amma ta yi tauri bayan an buga ta sau biyu, iska ce a layi ko takalman baya sun yi nisa da ganga.

Sannan a cire tayoyi. Sabon takalmin gaba kusan milimita 10 yake da shi, mu a 3 muke cewa a canza, ba ma jira ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Yadda ya cinye ma labari ne. Hilux mai jan ƙafa huɗu fistin huɗu gare ta a kowace kalifa, wato gidan da ke matse takalma a kan faifai, biyu ciki biyu waje. Robar ƙura na yagewa, ruwan damina da laka su shiga, fistin ɗaya ya cije. Sai ka ga takalmi ɗaya ya ƙare ɗan'uwansa na nan, mota na ja gefe idan an taka. Sa sabon takalmi a kan wannan asarar kuɗi ce, sai an kwance kalifa an wanke an sa sababbin robobi. Wajen mayar da fistin ciki muna buɗe notin cire iska, don tsohon mai mai datti ya fita waje maimakon ya koma cikin famfon ABS. Faifai kuma akwai mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa, a auna, in ya kai nan ba a kai shi wajen mai fiƙewa. Karkarwar sitiyari idan an taka birki sau da yawa daga ɗaurin taya take farawa: tsatsa a mazaunin faifai, ko yaro ya hau kan sifana da ƙafa. A goge mazaunin tas, a ɗaure notuna a gicciye da sifana mai awo.

A baya abu biyu muke nema da zarar an zare ganga: yoyon man birki a bakin ƙaramar silinda, da man aksul da ya ɓullo ta roba ya jiƙa takalma. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko an ƙona shi. Ƙurar ciki ba a hura ta da iska, illa ce ga huhu, wankewa ake yi. Birkin hannu in ya yi tsawo, takalman ake fara saitawa, waya daga baya. Wanda ya fara da jan waya zai bar birki na gogar ganga.

Inda muka fi jayayya da masu mota shi ne kuɗin kaya. Ba ma canza ƙafa ɗaya, hagu da dama tare suke tafiya. Takalmi mai arha na jabu kuma yakan ɓare daga ƙarfensa idan ya ji zafi, don haka in mutum ya kawo nasa muna dubawa, in bai yi mana ba mu ce, Alhaji, a yi haƙuri a canzo. Tsofaffin kayan muna ajiye masa ya gani da idonsa.

Cire iska daga tayar da ta fi nisa da masta ake farawa, a motar da sitiyarinta ke hagu baya ta dama, baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu, ana lura kada tanki ya ƙafe. In iska ta riga ta shiga famfon ABS, sai an sa na'ura ta kunna shi. Kafin mota ta motsa a buga feda har ta yi tauri, don takun farko bayan canjin takalma babu komai a cikinsa. Daga nan a fita hanyar da babu cunkoso a taka kamar sau goma daga kilomita 60 zuwa 10 ba tare da tsayawa cak ba, takalma su zauna a kan faifai. Muna gaya wa direba ya guji cikakken lodi da birkin gaggawa, in ba dole ba, a kilomita 200 na farko, ya dawo mu sake duba notunan taya da matakin mai.