Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gamba a Ƙasar Larrakia

Makon jiya mun tsaya inda ƙungiyarmu ta taimakon al'umma a Darwin, arewacin Ostireliya, ta amince ta tara kuɗi don tallafa wa masu gadin daji 'yan asalin ƙasar.

A can ba lallai ne a kira taron gidauniya ba. Sosej ake gasawa a sayar ranar Asabar a ƙofar Bunnings, babban kantin kayan gini. Kantin ke bayar da rumfa da murhu da gas, ƙungiya kuma ta zo da sosej, burodi, albasa, lemo, ƙanƙara da takardar inshora. Farashi ma kantin ke yankewa, kuma a 2022 ya tashi daga dala 2.50 zuwa 3.50. Albasa a ƙasa ake sa ta, sosej a kai, don kada ta zube wani ya zame. Wanda bai yanka albasa tun daren Juma'a ba zai sha wuya, haka wanda ya yi rowar ƙanƙara, domin zafin Darwin ba ya raga wa ɗanyen nama. Sosej na shanu, na halal, muke saya.

Abin da ya fi kuɗin daraja shi ne karatun wuta. Lokutansu akasin namu ne: damina daga Nuwamba zuwa Afrilu, rani daga Mayu zuwa Oktoba. Mutanen ƙasar, Larrakia a Darwin da sauran ƙabilu can cikin yankin Arnhem da ke gabas da Darwin, da farkon rani suke sa wa daji wuta, ciyawa na da sauran danshi. Ana jiran iska ta kwanta da yamma, a kunna a wuri ɗaya, ba a kewaye fili da wuta, saboda ƙadangaru da ƙananan dabbobi su sami hanyar gudu. Harshen wutar bai cika wuce gwiwa ba, hayaƙin fari, ganyen saman itace ba ya ƙuna, raɓar dare ce ke kashe ta. Ana ƙona nan a tsallake can, daji ya zama dabbare-dabbare, ta yadda gobarar ƙarshen rani idan ta taso sai ta ci karo da ƙonannen wuri ta mutu. Da wannan dabara aka fara shirin yammacin Arnhem a 2006, inda ake biyan masu gadin daji ladan hayaƙin da suka rage.

To, mai ɓata wannan lissafi tamu ce: gamba. Ita dai wadda muke saƙa zana da ita, kuma da sunan nan Turawan can ke kiranta. An kai ta daga Afirka a shekarun 1930 don kiwon shanu. A gida lauje da bakin dabba ba sa barin ta ta yi ƙarfi. A can babu mai yankan zana, sai ta miƙe har mita 4, ta yi duhu. Ga shi ba ta bushewa da wuri. Lokacin da ciyawar ƙasar ta isa ƙonawa ita tana kore, idan kuma ta bushe iska ta riga ta yi ƙarfi, wutarta ta haye saman itatuwa ta kashe su. Inda itace ya mutu, gamba ce ke gaje wurin. A 2008 gwamnatin yankin ta sa ta cikin haramtattun ciyayi. Duk wanda ya bi hanyar Batchelor zuwa gandun Litchfield zai ga ɓarnar da idonsa.

Wuta kaɗai ba ta kashe gamba, daga saiwa take sake tohowa. Feshin glyphosate, maganin kashe ciyawa, ake yi mata da damina, tana ɗanya, kafin ta fitar da iri wajen Mayu. Wanda ya makara ya yi asarar magani, kuma tayar mota da injin yankan ciyawa su kwashi irin su kai gaba idan ba a wanke su ba. Shi ya sa kuɗin sosej ɗinmu ya tafi kan tankin goyo na feshi, safar hannu da takalman aiki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ranar feshin farko.