Nahawu, manɗiƙi da balaga a ƙaramar sakandare: yadda muka gwada a Jos

Makarantar da nake koyarwa ƙarama ce, gidan haya ne da aka mayar ajujuwa a wata unguwa da ke gefen titin Bauchi a Jos, kuma sashenta na ƙaramar sakandare aji uku ne kacal, babu wanda ɗalibansa suka cika ashirin. Hajiyar da ta kafa ta ce ta tara mu wata rana ta shaida mana cewa tana so mu bi tsohuwar hanyar karatu wadda wasu ƙananan makarantu masu zaman kansu a Amurka suka farfaɗo da ita, kuma da yake ni nake riƙe da darasin Turanci da na tarihi, kaso mafi yawa na aikin a kaina ya faɗo.

Hanyar ta ginu ne a kan fannoni uku da makarantun Turai na zamanin da suke farawa da su: nahawu, manɗiƙi (ilimin auna hujja) da balaga (fasahar iya magana). A shekarar 1947 wata marubuciya 'yar Ingila, Dorothy Sayers, ta gabatar da lacca a Oxford inda ta daidaita fannonin nan da shekarun yaro. A ganinta ƙaramin yaro yana jin daɗin maimaici da hadda, wanda ya fara tasawa yana son gardama da kama kuskuren manya, shi kuwa matashi burinsa ya bayyana abin da ke ransa. Idan aka bi wannan lissafi, ɗan ƙaramar sakandare, mai shekara 11 zuwa 14, yana tsakiyar matakin gardama, wato lokacin da ya kamata a koya masa manɗiƙi.

Abin da ya sa ban ji tsarin baƙo ba shi ne na zauna a zaure kafin in shiga kwalejin horon malamai. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Ajurrumiyya da Alfiyyar Ibn Malik a nahawu, kuma malamin nan na ƙasar Aljeriya da ya rayu a ƙarni na 16, wanda muke karanta littafinsa na fiƙihu da muke kira Ahalari, shi ne ya tsara Sullam a manɗiƙi da Jauharul Maknun a balaga, duka biyun a waƙe domin sauƙin hadda. Shehu Magili ma, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da malamin Masar Suyuɗi yana kare halaccin karanta manɗiƙi. Da wannan nake amsa wa iyayen da suka tambaye ni ko wani sabon abin Turawa ne muka ɗauko. Makarantun Amurka suna jingina nahawunsu da harshen Latin. Mu kuwa muka jingina namu da Larabci, tunda kusan duk ɗalibanmu suna zuwa Islamiyya da yamma ko a ƙarshen mako.

Kowace safiya muna ɗaukar kwata guda na awa muna hadda da baki ɗaya: baitocin waƙa na Hausa da na Turanci, jadawalin sau, sunayen koguna da jihohi, da ƙa'idojin nahawu. Bayan haka sai li'irabi, wato in rubuta jimlar Turanci a allo, ɗalibai su warware ta kalma bayan kalma kamar yadda ake yi wa jimlar Larabci, su nuna mai aikatawa da abin da aka aikata da abin da aikin ya faɗa wa. Wannan ɓangaren bai ba mu wahala ba, domin yaran sun saba da hadda tun daga makarantar allo, kuma iyaye suna murna da duk abin da yaro zai iya biyawa a gabansu.

A manɗiƙi ne aikin yake, kuma a nan na ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai: yaro ba ya iya koyon auna hujja a harshen da har yanzu yake fama da kalmominsa. Idan na kawo magana da Turanci na ce su nemo inda ta karye, ajin yakan yi tsit, mutum biyu ko uku da suka fi sakin baki su riƙa amsawa. Idan na kawo maganar nan ɗaya da Hausa, sai ka ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta miƙe tana ja da ni. Saboda haka muka tsara cewa kowace hujja za a fara tattauna ta da Hausa har kowa ya gane gaɓoɓinta, daga baya a rubuta ta da Turanci. Turancin nasu ma ya amfana, domin wanda ya san abin da yake so ya faɗa ya fi saurin nemo kalmar da zai faɗe shi da ita.

Misalan da nake kawowa daga bakin mutanen unguwa nake tsinto su. Na taɓa rubuta musu cewa maƙwabcinmu ya sha wani magani da aka saya a mota, bayan kwana uku ya warke, don haka maganin ne ya warkar da shi. Yawancinsu suka amince, sai wani yaro ya ce, "Malam, to idan da ma mura ce, ai ko bai sha komai ba za ta tafi." Daga wannan tambaya muka shafe darasin muna rarrabe abin da ya biyo bayan wani abu da abin da ya haddasa shi. Wata rana kuma muka ɗauki irin maganar da ke farawa da "ai duk mutanen wuri kaza haka suke", muka tambayi mai maganar mutum nawa ya sani a cikinsu. A garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, inda unguwanni suka rabu har yaro yakan girma bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wancan ɓangare ba, ban ɗauki wannan darasi wasa ba. Ba ma kawo addini ko siyasar gari a muhawarar aji, amma mun kafa ƙa'ida wadda ba a ɗaga wa kowa: kafin ka mayar wa abokinka martani, sai ka maimaita hujjarsa da bakinka har ya yarda cewa abin da ya faɗa ke nan. Yaran sun ƙi jinin ƙa'idar da farko, domin tana hana su cin nasara da ɗaga murya.

Darasin tarihi ya fi kowane karɓar wannan hanya. Mun kai 'yan aji biyu gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 a ƙarƙashin jagorancin Bernard Fagg, domin su ga sassaƙen yumɓu na Nok. Na gaya musu cewa masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, sannan na ba kowa takarda mai gida uku: abin da idonsa ya gani, abin da ya fahimta daga abin da ya gani, da abin da yake zato kawai. Wata ɗaliba ta rubuta a gidan farko cewa kan da ta duba na sarki ne. Na tambaye ta, "Ke kin ga sarautar da idonki?" Ta yi shiru, ta sake duba kitson da ke kan da hudojin idanunsa, ta mayar da maganar gida na uku. Rubutun da suka kawo bayan wannan fita ya fi duk wanda na karɓa a zangon, domin kowace magana tana tafe da dalilinta.

Sai dai hanyar tana da tsada, kuma da lokaci ake biyanta. A ƙarshen aji uku ɗalibai suna zana jarrabawar BECE, wadda ke tambaya daga manhajar gwamnati mai darussa da yawa, kuma babban kasonta zaɓi ne tsakanin amsoshi. Darasin da muka kwashe muna warware hujja guda, wata makarantar ta gama babi biyu a cikinsa. Dole ta sa daga zango na biyu na aji uku muke jingine muhawara mu koma bitar tambayoyin shekarun baya, domin uban da ya biya kuɗin makaranta da guminsa sakamako zai fara dubawa, kuma yana da gaskiya.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi. Wani dattijo ya same ni bayan an tashi ya ce, "Malam, yaron nan da na kawo muku ya fara tambayata dalili a kan kowace magana." Ban ga laifinsa ba, domin a gidajenmu yaro ba ya ja da mahaifinsa, kuma littattafan da aka rubuta wa makarantun Amurka ba su tanadi wannan ba. Abin da muka yi shi ne muka haɗa manɗiƙi da ladabin saɓani kamar yadda ake yi a zaure: yadda ake neman izini kafin a yi tambaya, yadda ake cewa "Allah ya gafarta malam, ban gane nan ba" maimakon "ba haka ba ne", da sanin wurin da magana ta dace da wurin da shiru ya fi. Na ce wa dattijon, "Baba, idan ya tambaya da ladabi a ba shi amsa, idan ya yi rashin kunya a sanar da ni." Bai cire yaron ba.

Rabon matakai da Sayers ta yi ma bai zauna daidai a ajinmu ba. Ɗalibanmu suna zuwa ne daga firamare daban-daban, wasu suna shiga aji ɗaya ba sa iya karanta sakin layi su faɗi abin da ya ƙunsa, kuma ba a ɗora jinka a kan ɗanyen gini. Balaga kuwa ɗan taɓawa kawai muke yi, jawabin minti uku a gaban aji ba tare da takarda ba. A shekara mai zuwa mun yanke cewa zangon farko na aji ɗaya karatu da nahawu kaɗai za a yi, manɗiƙi ya fara daga aji biyu. Abin da ba mu warware ba shi ne maganar yawan ɗalibai: kuɗin haya ya tashi, malaman da muka horar a kan hanyar suna tafiya idan sun sami albashin da ya fi namu, kuma Hajiya tana tunanin ƙara kujeru a kowane aji. Na gaya mata cewa idan aji ya kai talatin ba zan iya sauraron hujjar kowane yaro ba, balle in duba rubutunsa jimla bayan jimla, ita kuma ta ce in kawo mata lissafin yadda za a biya albashi da ɗalibai goma sha takwas.