Kafin ka cika tankin nan da ruwa

Ranar Asabar na shiga gidan ƙanwata, na tarar da ɗanta durƙushe a tsakar gida yana liƙa gilasai da silikon. Tankin kiwon jatan lande yake haɗawa, irin ƙananan jajayen nan na ado 'yan asalin Taiwan da Sin. Na ɗauki gilashi guda na duba: na taga ne, kaurinsa milimita 3, tsayin tankin kuwa santimita 40. Na ce, "Kai, wa ya ce maka wannan zai riƙe ruwa?" Ya ce, "Kawu, a waya na gani." Gabana ya faɗi, domin ni ma ta nan na bi.

Nawa tankin tsawonsa santimita 90 ne, faɗi 30, tsayi 45. Ruwansa ya kai lita 120, kowace lita kuma kilo guda ce. Mai yankan gilashi ya ce in sayi mai kaurin milimita 8, na ce ya yanko mini mai 4. A lokacin sabon aure na yi, albashi ba ya kai ƙarshen wata, kuma ba ni da wani masani da zan tambaya. Haka nake faɗa wa kaina har yau. Amma ai mutumin ya gaya mini, ni ne na ƙi ji.

Wata bakwai ba abin da ya faru, har na fara ganin so ya yi kawai ya ci kuɗina. Sai wata rana na lura gilashin gaba ya yi ciki. Na ɗora doguwar rula a jikinsa, ta ƙi zama daidai. Na ce gobe zan gyara. Goben nan ta kai mako uku. Cikin dare muka ji ƙara, haɗin kusurwa ya buɗe, ruwa ya malale falo har inda soket ɗin wuta yake a ƙasa, ga 'yarmu ta fara rarrafe a lokacin. Allah ne ya kiyaye, an ɗauke wuta a daren. Matata ta kwana tana kwalfe ruwa, ni ina tsintar jatan lande a kan darduma da hasken tocila. Ƙalilan ne suka rayu. Teburin ma ba a daidai yake ba, shi ya karkatar da nauyin gefe guda, to ba sirancin gilashin kaɗai ba ne. Sai dai teburin ma ni na zaɓe shi.

Da na sake haɗa wani, tsoro ya sa na sayi matacin ruwa mai inji, mai tsada. Macen jatan lande tana ɗaukar ƙwai 20 zuwa 30, 'ya'yan suna fitowa ba su wuce milimita 2 ba. Injin ya riƙa zuƙe su ban sani ba, sai da na buɗe shi na gan su a ciki. Na kuma wanke shi tas da ruwan famfo, sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikinsa suna cinye gubar kashin jatan lande.

Na dubi ɗan ƙanwata na ce: na yi niyyar jera maka dokoki goma, ba su kai ba.

Kada ka yi tanki da gilashin taga. Arha ba ta ado. Amma tunda ka riga ka yanka, kada ka zubar: tsaida ruwan a santimita 20. Zurfin ruwa ne ke tura gilashi, jatan lande kuma ƙasa suke kiwo, fili suke so. Liƙa siraran gilasai a kwance a bakin dogayen ɓangarorin biyu, ka gitta wani a tsakiya ya riƙe gaba da baya. Silikon ɗin ya zama zalla, domin na banɗaki yana da maganin funfuna mai kashe su. Shimfiɗa farin soson kwalin firji a ƙarƙashi, ka bar liƙin ya yi mako guda, ka gwada ruwan a waje.

A mataci kuwa, nemi mai arha. Soso da ƙaramin famfon iska sun isa, ba sa zuƙe komai, 'ya'yan ma a jikin soson suke cin abinci. Samu famfon da ke aiki da batirin cajin waya saboda ɗauke wuta. Idan soson ya yi dauɗa, matse shi a ruwan da ka ɗiba daga tankin.

Sannan ka jira mako 4 zuwa 6 mataci yana aiki kafin ka zuba jatan lande ko guda, domin ƙwayoyin halittar nan masu cinye guba su taru. Nan ne na san za mu saɓa, domin ku yaran yanzu so kuke ku haɗa da safe ku ɗauki hoto da yamma. Zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, su kuma ruwa ya wuce 28 sun fara wahala. Ka yi tunanin wannan? Ina magana yana latsa waya. Na karɓe bindigar silikon ɗin na sa a aljihu, na ce ya same ni a gida ranar Juma'a bayan masallaci, mu je wurin mai yankan gilashi tare.